Tsutsa a dabinon azumi: a zubar, a shanya, ko a sa masa magani?

Maman Nana, Garin Malam: Assalamu alaikum ƴan gida. Ku taimake ni da shawara. Sati uku da suka wuce maigida ya kawo dabino tiya shida daga kasuwar Dole, wai mu ajiye tun kafin kuɗinsa ya tashi in azumi ya kama. Na ɗaure shi a leda biyu, na sa a kwalla na rufe. Jiya na buɗe zan ɗebar wa yara, na fasa ɗaya sai ga farar tsutsa kwance jikin ƙwallon, da wani gari-gari mai duhu kamar kashinta. Na fasa goma, uku duk haka suke. Ga kiyashi ya gano wurin, kuma da dare ina jin motsin ɓera bayan buhun gero. Abin da ya ɗaure mini kai, ta ina tsutsar ta shiga alhali a rufe yake? Kuma ya halatta a ci, ko zubarwa zan yi?

Alhaji mai dabino: Wa alaikumus salam. Ƴata, kada ki zubar da tiya shida saboda tsutsa uku. Kuma ki daina neman ƙofar da ta bi, ba a gidanki ta shiga ba, tare kuka zo da ita daga kasuwa. Wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka, mai tashi da dare, yake saka ƙwai tun dabinon yana kan uwarsa ko yana shanye a ƙasa. Tsutsar ta ƙyanƙyashe ta kutsa ta wajen hular dabinon ta zauna a ciki. Daga waje ba abin da za ki gani. Shi ya sa mu in za mu sayi buhu, hula muke dubawa: wanda hularsa take manne da wuya ka samu abu a ciki, wanda ta fita ya bar rami shi ne abin zargi. Wane iri ne ya kawo?

Maman Nana: Busasshen nan ne mai tauri, Alhaji, wanda sai an sa haƙori da ƙarfi. Ya ce na Bilma ne.

Alhaji mai dabino: To kin yi sa'a. Na Kawar, ko Bilma ko Jado, shi ne mai jure ajiya, don a bushe yake zuwa. Da na Manga ne na wajen Gure da Gudumariya, mai ɗanshi, ko mai laushin nan na Aljeriya da ke zuwa a kwali, da na ce ku cinye shi da wuri, ba na ajiyar watanni ba ne a zafin Damagaram.

Ɗan Zango: Hajiya, abin ba wuya. Ki je wajen masu sayar da maganin ƙwari ki ce a ba ki bom ƙwaya ɗaya. Ki ƙulle shi a tsumma ki jefa cikin kwallar ki rufe. Kwana uku ba tsutsa ba ƙwai. Haka muke yi wa wake. Ɓera da kyankyaso kuma ki yayyafa piya-piya a kusurwoyin ɗakin, shi ke nan.

Tanti Rabi, ma'aikaciyar lafiya: Inna lillahi. Maman Nana, don girman Allah kada ki yi wannan. Ɗan Zango, ka yi haƙuri, amma ba zan bar maganar nan ta kwana a gurup ba tare da na amsa ba.

Ƙwayar da kuke ce wa bom, da ta sha ɗanshin iska sai ta fara fitar da wata iskar guba mai suna fosfin. Iskar ce ke kashe ƙwarin, kuma ba ta bambance ƙwaro da ɗan Adam. Leda ba ta tsare ta, marfin kwalla ba ya tsare ta, tana bin tsagar bango ta shiga ɗaki na gaba. An yi ta ne don manyan sito da ba kowa ke kwana kusa ba, a hannun wanda ya san aikin. Har yau ba ta da makari. In aka kawo mana wanda ya shaƙa, ruwa muke sa masa mu taimaki numfashi da zuciya, sauran sai addu'a. Kuma yara ne ke fara faɗuwa. Na taɓa karɓar uwa da ƴaƴanta da suka kwana ɗaki ɗaya da buhun waken da aka sa wa, suna amai suna cewa ƙirjinsu ya toshe. Uwar rantsuwa take yi abinci ne ya ɓata musu ciki, sai da muka tambayi abin da ke cikin ɗakin.

Piya-piya kuwa ta fata ma yana shiga jiki, ba sai an sha ba. Ana zuba shi a ƴan kwalabe marasa takarda, yaro ya gani ya ɗauka abin sha ne. Dabino ba a dafa shi, daga kwalla sai baki. Garin neman gira za a rasa ido.

Ɗan Zango: Tanti, shekara nawa muna sa wa wake, ga mu da ranmu. Kuma ai dabino da kansa maganin guba ne, akwai hadisi. Wanda ya ci bakwai da safe guba ba ta kama shi. Ko ba haka ba, Malam?

Malam Habu, Birni: Bismillah. Ɗana, hadisin gaskiya ne, amma ka ɗora shi inda ba wurinsa ba. Sa'adu bin Abi Waƙƙas ya ruwaito, yana cikin Buhari da Muslim, cewa wanda ya yi sammako da dabinon ajwa guda bakwai, guba da sihiri ba za su cutar da shi ba a wannan yinin. Ajwa aka ambata, kuma a wata ruwayar Muslim an ce dabinon da ke tsakanin duwatsun Madina biyu. Imamu Nawawi ya tafi a kan cewa falala ce da ta keɓanci ajwar Madina, adadin bakwai kuma mu yi imani da shi ko ba mu gane hikimarsa ba. Wasu malamai sun faɗaɗa, suka ce ana fatan haka ga kowane dabino. To ko da mun ɗauki maganar masu faɗaɗawa, ba malami ɗaya da ya ce ka zuba guba a abincinka da hannunka sannan ka ce bari mu gani. Allah Ya ce a Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku zuwa halaka da hannayenku.

Yanzu tambayar Maman Nana. Abin da ya same ki ya sami gidan da ya fi naki. Anas bin Malik ya ce an kawo wa Annabi (SAW) tsohon dabino, sai ya riƙa buɗe shi yana fitar da tsutsar da ke ciki. Yana cikin Abu Dawud da Ibnu Majah. Bai zubar ba, bai kuma rufe ido ya jefa baki ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da ba shi da jini mai gudana ba najasa ba ne, don haka tsutsar da ta tashi cikin ɗan itace ba ta haramta shi. Ki fasa, ki share, ki ci abinki.

Tanti Rabi: Na ƙara a kan na Malam: wanda kika fasa kika ga baƙin gari kamar gawayi a ciki, ko yana warin tsami, wannan ba tsutsa ba ce, fumfuna ce. Shi kam a jefar.

Lawali, ɗalibin aikin gona: Salamu alaikum iyayena. Maman Nana, ga abin da zan yi in ni ne. Ki zauna da yara ku tsince shi, masu rami da waɗanda hularsu ta fita a ware su gefe, a fara cinye su. Sauran akwai hanya biyu. In kina da firigo mai yin ƙanƙara sosai, ki ƙulle a leda ki sa a wajen ƙanƙarar har sati ɗaya, sanyin yana kashe tsutsa da ƙwai duka. Amma kin san yadda wuta ke yi mana, in tana ɗaukewa yini guda kullum aikin ba zai yi ba. Hanya ta biyu rana ce, ita kam ba mu rasa ta ba. Ki shimfiɗa baƙar leda, ki baza dabinon kada ya hau kan juna, ki rufe da farar leda mai nuna ciki, ki danne gefuna da duwatsu. Daga hantsi zuwa azahar zafin da ke taruwa a ciki yana wuce digiri 50, ƙwaro ba ya rayuwa a haka. Ki bari ya huce sosai kafin ki ajiye, in ba haka ba zai yi gumi.

Ajiyar kuma a bido mai lita 25 ko ƙarami, wanda bai taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba, a wanke ya bushe ƙayau. Ki cika shi har wuya, ki sa ƴar leda a baki ki murɗa marfin. Abin da ya rage da rai a ciki zai shanye ɗan iskar ya mutu. Na cin kullum ki ɗebe daban, kada a riƙa buɗe babban.

Ɗan Zango, kai ma wakenka ba ya buƙatar bom. Buhun nan mai ninki uku, PICS, jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro shi, kuma masu binciken INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, reshen Maraɗi, suna cikin waɗanda suka gwada shi a ƙasar nan. Tun wajen 2007 ake yaɗa shi. Leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Rashin iska ke kashe ƙwarin, ba magani ko ɗigo.

Ɗan Zango: Na san shi. Ɓera ya huda mini biyu bara, wake ya koma gari.

Gwaggo Zuwaira: To ai ga inda maganar take. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku yaran yanzu kuna jingina buhu da bango a ƙasa, tuwon dare a bar shi a buɗe, kwanuka su kwana ba wanki, sannan a ce ɓera ya yi yawa. Mu da muka tashi, abin da ake tsoron ɓera ya taɓa a ragaya ake rataye shi. Buhu a ɗora shi kan duwatsu ko katako, a bar tazara tsakaninsa da bango yadda mage za ta zagaya. Rami kuma ba a toshe shi da tsumma, da laka ake yi a cakuɗa da fasassun kwalabe, ko siminti in da hali. Ɓeran gida inda ɗan ƙaramin yatsanki ya shiga shi ma zai shiga. Maman Nana, kina da mage?

Maman Nana: Ba ni da ita, Gwaggo. Maigida ba ya son kukanta da dare.

Gwaggo Zuwaira: Sai ya zaɓa, kukan mage ko kukan buhun gero.

Malam Habu: Gwaggo ta yi mini rabin karatun. Hadisin Jabir a Buhari da Muslim ya ce a rufe ƙorai, a ɗaure bakin salka, a kulle ƙofofi, a kashe fitila in za a kwanta, domin ƴar fasiƙa, wato ɓera, takan ja lagwani ta ƙone mutanen gida. Har aka ce in ba ka sami marfi ba, ka gitta ko da kara ne ka ambaci sunan Allah. Ɓera yana cikin dabbobi biyar da aka yarda a kashe ko a cikin Harami, tare da kunama, hankaka, shirwa da kare mai cizo. Don haka tarko ba laifi. In kuma ya faɗa cikin man shanu daskararre, hadisin Maimuna ya ce a cire shi da abin da ke kewaye da shi, a ci sauran.

Tanti Rabi: Tarko ya fi mini maganin ɓera sau dubu. Ana barbaɗa shi a kan tuwo ko gyaɗa a ajiye ƙarƙashin gado, mai rarrafe ya riga ɓeran isa wurin. Ko kaza ta ci, ko ɓeran ya mutu cikin rufi a yi sati ana neman inda wari ke fitowa. Dabinon da ɓera ya gutsura ko ya yi wa kashi, wannan kada a ce za a share, a zubar.

Hadiza, Karkada: Ni kyankyaso ne ya hana ni sakat. Ina sharewa ina fesawa, sati biyu sun dawo.

Lawali: Yaya Hadiza, feshin yana kashe manyan ne, ƙwan yana cikin wata ƴar jaka mai tauri da magani ba ya ratsawa. Ki duba ramin salga, daga nan mafi yawansu ke fitowa da dare, su bi ta kan kwanukan da za a ci abinci da safe. Ki samo marfi mai zama daidai bakin ramin. Sannan ruwa: saboda wahalar ruwan garin nan kowane gida cike yake da bido da randuna, ƙarƙashinsu kullum a jiƙe. Kyankyaso yana daɗewa ba abinci, amma ƙishirwa ba ta barinsa. Ki ɗaga randunan, ki bar ƙasan ya bushe, kwalaye tsofaffi kuma a fitar da su.

Hadiza: Kiyashin fa? An ce mini haramun ne a kashe tururuwa, shi ya sa nake ta sharewa kawai.

Malam Habu: Akwai hani daga Ibnu Abbas a Abu Dawud game da tururuwa, ƙudan zuma da alhudahuda. Akwai kuma labarin wani annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah Ya yi masa faɗa. Amma ki duba ƙarshen Risala, Ibnu Abi Zaid ya ce ba laifi a kashe su in sun cutar kuma ba yadda za a yi da su, sai dai barin su ya fi soyuwa. Abin da za a kiyaye shi ne wuta, kada a ƙona su.

Gwaggo Zuwaira: Ba sai an kai ga kisa ba. Ki sa kwallar a kan ɗan tebur, kowace ƙafa a cikin gwangwanin ruwa. Ko ki zagaye ta da toka. Ki wanke hanyar da suke bi da ruwan sabulu, sai su ɓata.

Lawali: Gwangwanin ruwan a riƙa canja shi duk kwana uku, Gwaggo, kada mu kori kiyashi mu yi kiwon sauro.

Baba Isuhu: Ina ta karantawa ban sa baki ba. Ni tawa tambayar ga Tanti ce. Shekara shida ina fama da ciwon sukari. Likita ya ce in rage zaƙi, na bar shayi mai sukari, na bar lemo. Amma dabino ban bari ba, bakwai da safe, in azumi ne kuma da shan ruwa ba na ƙirgawa. Abincin Annabi ne, zaƙinsa daga Allah yake, ba na masana'anta ba. Ƴata tana ta yi mini faɗa. Wa ke da gaskiya?

Tanti Rabi: Baba, ƴarka ce, ka yi haƙuri. Dabino abinci ne mai kyau ƙwarai, ba na musu. A giram 100 akwai ƙarfin abinci wajen kalori 280, akwai harza kusan giram 7 zuwa 8 mai sa bayan gida ya yi laushi, akwai sinadarin fotasiyam wajen miligiram 650, da maganiziyam. Shi ya sa mai azumi in ya ci uku ya sha ruwa, nan da nan idonsa ke washewa. Amma kashi biyu cikin ukun nauyinsa sukari ne. Bakwai ɗin nan naka matsakaita, in aka cire ƙwallo, sun kai giram 50, wato sukarin da ke ciki ya kusa ƙwaya shida na sukarin kwali. Harzar tana rage saurin hawansa cikin jini, amma ba ta hana shi hawa. Jini ba ya tambayar daga ina zaƙin ya fito. Ka sha ruwa da ɗaya zuwa uku, ka rage fura ko kunun da zai biyo baya, ka auna bayan awa biyu ka gani da idonka. Kuma kafin azumi ka koma wajen likitanka a daidaita maka lokacin magani. Mai ciwon ƙoda shi ma ya yi hattara, saboda fotasiyam ɗin.

Baba Isuhu: Malam, kana ji ana so a raba ni da sunna.

Malam Habu: Baba, sunnar shan ruwa ko da ɗaya ta samu. Anas ya ce Annabi (SAW) yana buɗa baki da ɗanyen dabino kafin ya yi salla, in babu sai busasshe, in babu sai ya kurɓi ruwa. Ba a ce faranti ba. Kuma ga wani hadisi da ban cika jin ana karanta shi a wa'azin dabino ba. Ummul Munzir ta ce Annabi ya shigo wurinta tare da Sayyadina Ali, akwai zangarniyar dabino a rataye. Annabi yana ci, Ali ya miƙa hannu, sai ya ce masa ya dakata, domin bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Sai ta dafa sha'ir da wani ganye, Annabi ya ce masa ya ci wannan, ya fi dacewa da shi. Abu Dawud da Tirmizi sun kawo shi. Wanda ya ce gidan da ba dabino mutanensa mayunwata ne, shi ne dai ya hana surukinsa ci ranar da jikinsa ba zai ɗauka ba.

Baba Isuhu: Wannan kam ban taɓa ji ba. Uku ɗin zan gwada. Amma ranar sallah ba ruwana da kowa.

Malam Habu: Ranar ƙaramar sallah ma mara aka ce a ci kafin a fita idi, kuma uku mara ne.

Hadiza: Tanti, gaskiya ne yana ƙara jini? Ƙanwata tana da ciki wata takwas, ta ajiye ƙwayoyin da aka ba ta wajen awo, wai dabino da madara sun ishe ta.

Tanti Rabi: Ki ce ta koma kan ƙwayoyinta yau ɗin nan. Ƙarfen da ke gina jini a dabino kaɗan ne, wajen miligiram 1 a giram 100, alhali mai ciki tana buƙatar kusan 27 a rana. Hanta, nama, wake da zogale duk sun fi shi ta wannan fannin. Amma ta ci dabinonta in ba ta da sukarin ciki. A 2011 an wallafa wani ƙaramin bincike da aka yi a Jodan, mata suka riƙa cin shida kullum a sati huɗu na ƙarshe, aka ga naƙudarsu ta fi zuwa da kanta ba tare da an sa musu ruwan naƙuda ba. Matan ba su da yawa, don haka ba na ce magani ba ne, amma ba ya cutarwa.

Malam Habu: Nana Maryam ma da naƙuda ta kai ta gindin dabino, cewa aka yi ta girgiza shi ɗanye nunanne ya zubo mata, ta ci ta sha. Suratu Maryam, aya ta 25 da 26.

Ɗan Zango: To ni dai an taru a kaina. Lawali, buhun nan in na ɗora shi kan katako kamar yadda Gwaggo ta ce, wata nawa zai kai?

Lawali: In waken ya bushe sosai kuma ledar ba ta huje ba, yana kai wa wata kakar. Kafin ka zuba ka hura iska a ledar ka matse, in tana sacewa ka canja.

Maman Nana: Salamu alaikum, na dawo da labari. Shekaranjiya muka zauna da yara muka tsince, masu rami sun kai tiya ɗaya da rabi, muna ta fasawa muna ci, Nana har ta ƙware wajen gano su ta hula. Sauran na shanya jiya yadda Lawali ya ce, da na ɗaga ledar na ga tsutsotsi sun fito sun bushe a kan baƙar. Yanzu yana cikin bido. Ramin ɓeran kuma na same shi, ashe bayan randa yake, ba bayan gero ba. Gwaggo, maigida ya ce a kawo magen, amma wai sharaɗi ba za ta kwana ɗakinsa ba. Wa ke da ƴar mage a Garin Malam ko nan kusa?

Hadiza: Tamu ta haihu huɗu. Ki turo Nana bayan la'asar, ta zo da kwali.